Hajiya, Hajja da Alhaja

Na daɗe da yanke hukunci, kuma har yau ban ga abin da zai sa in janye shi ba, cewa ana gane lafiyar al'umma ne daga yadda take kiran tsofaffin matanta. Tituna da jami'o'i da gadojin sama duk ado ne. A ajiye ni a bakin kasuwar kowane gari in saurari yadda mai shago yake gaida dattijuwa, kafin azahar zan faɗa muku ko garin yana da sauran kwana. Hausa na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, saboda haka ina da ikon yin irin wannan magana, kuma ba wanda zai ba ni maki a kanta.

Mu uku ne. Akwai ni, da duk Fagge ake ce wa Malama, har waɗanda ban taɓa koyarwa ba. Akwai Hajja, wadda kakanninta suka zo daga Barno da fatauci suka zauna a unguwar Kwaciri, tana haɗa turaren wuta da humra a gida. Sai Hajiyar Kwari, mai shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari. Ita kakanta daga Ilori ya zo da cinikin goro. A Fagge aka haifi mahaifinta, a Fagge aka haife ta, a islamiyyar bayan gidanmu muka sha bulala tare. Hausarta ta Kano ce tsantsa, har da lanƙwasar harshen nan da mutanen Sakkwato ke yi mana dariya a kai. Tun da ta dawo daga Makka, Hajiya kowa yake ce mata.

Ga wanda bai zauna garin nan ba, kalma ɗaya ce ta rabu uku. Macen da ta sauke farali, in Bahaushiya ce Hajiya, in 'yar Barno ce Hajja, in Bayarabiya ce Alhaja. Ɗaki ɗaya suka kewaya, rana ɗaya ta buge su a Arfa, amma suna saukowa daga jirgi sai a raba musu suna kamar ana raba kujeru a aji. Hajja tana son nata, da shi aka kira mahaifiyarta da kakarta. Alhaja kuwa, a bakin Bakano, girmamawa ce mai ɗauke da ɗan nuni a ƙarƙashi: mun san daga inda kika fito, ko da ke ba ki taɓa zuwa can ba.

Duk Alhamis bayan la'asar a gidana muke zama, tun muna goyo har muka fara jika. Abin da muke yi ba shi da yawa. A sha shayi, a ambaci waɗanda suka rasu a makon, a yi gulmar waɗanda suka ƙi rasuwa. Akwai Alhamis ɗin da za mu kai magariba ba a yi wata maganar kirki ba, kuma kowa ta tashi a gamse. Da maigidana ya rasu, Hajiyar Kwari ta rufe shagonta ana tsakiyar cinikin salla, ta zo ta zauna gefena tana tsince shinkafa. Ba ta ce min in yi haƙuri ba ko sau ɗaya, abin da har gobe nake gode mata, don a kwanakin nan an ce min in yi haƙuri har na tsani kalmar.

Kar a ɗauka waliyyai ne mu. Hajja takan ce barkono ne ke yawo a jijiyar Hajiyar Kwari maimakon jini, ita kuma ta ce Hajja ta turara gidanta har sauron Kwaciri ya yi ƙaura zuwa Sabon Gari. Ni kuwa su biyun sun yi ittifaƙi cewa ko likita ne yake gaya min cutar ajalina sai na tsayar da shi na gyara masa jimla. Amma duk wannan a kan tabarmata ake yi, ƙofa a rufe, tsakanin mutanen da suka wanke wa juna jego.

Hajja ce ta kawo mana annobar. Surukarta ta saka mata wani shirin barkwanci mai dogon zango a waya, irin wanda ake saki a intanet kashi-kashi, kowace Alhamis sabo. Wai labarin ƙawaye ne, tsofaffi uku a unguwa ɗaya, ana kiransu Hajiya da Hajja da Alhaja.

"Malama, mu aka yi wa fim," in ji ta, ta jingina wayar da fulas ɗin shayi.

Na karanta miyagun littattafai a rayuwata. Na yi makin takardun jarrabawa da suka sa na ajiye jan biro na fita shan iska. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan tashin zuciya ba. Da farko dai, babu tsohuwa ko ɗaya a cikinsu. 'Yan mata ne sa'o'in ɗalibaina na ƙarshe, an barbaɗa musu hoda a gira, an zana musu tamoji da gazal, an baƙanta wa kowace haƙori ɗaya a gaba. Wadda ake kira Hajiya tana tafe tana dogara sanda tana nishi, ga farcen roba a yatsunta kamar na shaho. Ba wanda ya tuna da hannu. Tsufa kuwa a hannu yake fara sauka, duk wadda ta yi wanki da daka ta san wannan.

Abin dariyar kuma, bari in faɗe shi a taƙaice don mai karatu yana iya kasancewa a gaban abinci. Ɗaya ta saki tusa a cikin adaidaita sahu. Sun je bikin da ba a gayyace su ba, sun cusa nama a jaka, mai yana ɗiga a zane. Haƙoran roban ɗaya sun faɗa cikin kunu, ɗayar ta sa hannu ta lalubo su, sannan ta lashe yatsun, aka matso da kyamara don kar mu rasa komai. Kowace magana sai an biyo ta da dariyar da aka naɗa, ta wasu mutane da ba a gani, kamar ana tsoron mai kallo ba zai gane inda ake so ya buɗe baki ba. Ana tsaka da haka sai a yanke a kawo tallar maganin basir, da hoto.

Abin da suke kira ƙawance shi ne ihu. Ba su taɓa zama wuri ɗaya sun yi shiru tare ba. Su yi faɗa, su cire ɗankwali, su shirya, su rungumi juna suna cewa ƙawalli. Duk wanda ya rubuta wannan abu ya taɓa ganin tsohuwa, amma daga cikin mota.

Sai ita Alhajar. An ɗaura mata gwaggwaro kamar laimar mai rake, ba ta magana sai da ƙaraji, kuma duk barkwancinta abu ɗaya ne: ba ta iya jinsi ba. Ta ce wa mace ka, ta ce wa namiji ki. Duk sanda ta shigo sai sauran biyun su tarbe ta da irin maganarta, su ce, "Alhaja, ka zo?" ita kuma ta amsa, "Na so, na so," wai harshenta ba ya ɗaukar harafin za. Nan mutanen da ba a gani suke faɗuwa ƙasa. Shekaru na yi ina koyar da jinsi a nahawu, na san wuyarsa ga wanda harshen uwarsa bai raba namiji da mace a wakilin suna ba. Ban taɓa ganin abin dariya a wannan ba, kamar yadda ban taɓa ganinsa a mai ɗingishi ba.

Hajja ta yi dariya har shayi ya zube mata a cinya. Na juya na dubi Hajiyar Kwari. Ba ta yi dariya ba. Ta matso da fuskarta kusa da wayar, ta ɗan karkata kai har aka gama.

Haka muka yi ta kallo makonni, don baƙo ya kawo abu gidanka ba ka cewa ya mayar. Ina gyara musu jimla a fili, Hajja tana cewa in bar yara su ci abinci. Har ranar da na bi Hajiyar Kwari kasuwa zaɓen ankon bikin jikata. A shataletalen Bata muka sauka muka ƙarasa a ƙafa, don mota ba ta ratsa wurin da safe. Muna shiga layinsu, wani Alhaji mai shago daura da nata, mutum mai farin gemu da tabon salla, wanda yake ce mata Hajiya tun gemun yana baƙi, ya ɗaga murya daga kan benci ya ce, "Alhaja, ka zo?"

Layin ya ɗauki dariya. Ta tsaya, ta dube shi, ta ce, "Na zo, Alhaji. Ya kasuwa?" Ta wuce ta buɗe shagonta.

Ni ban wuce ba. Na tsaya na yi masa abin da na fi iyawa. Na tambaye shi a ina aka binne kakansa, don nata na san maƙabartar, kuma da ƙafa ake zuwa daga nan. Na tuna masa cewa lokacin da danginta ke sayar da goro a Fagge, watakila nasa ba su taɓa ganin kwalta ba. Ya yi ta ba da haƙuri yana cewa wasa ne, Malama, ai kowa yana faɗa. Wannan ya fi min komai ƙyama, don gaskiya ya faɗa. A hanyar komawa, a Titin Ibrahim Taiwo, na ga an rubuta maganar da jan fenti a bayan wani adaidaita sahu, kuma ko alamar tambaya ba a sa ba.

Da Alhamis ta zo, Hajja ta jingina wayarta sai na ɗauke ta na miƙa mata. Na ce a gidan nan an gama kallon wannan ƙazantar.

Ta ce in daina tsanani, ai ita ma suna yi mata, sun sa ta tana turare har aku ya suma, ta ji haushi ne? Na ce ke ba a canza miki suna a kasuwa ba. Ta ce sunan ai duk na Makka ne. Na ce haka ne, bulala da tsintsiya ma duk itace ne. Muka yi ta yi. Na yi magana a kan mutunci, da tarihin unguwar nan, da yadda yaran da ba su san wanda ya gina layinsu ba suke koya wa masu furfura rashin kunya ta waya. Na yi magana mai kyau, da a aji ne da an rubuta. Duk wannan wadda ake yi dominta tana zaune tana juya cokali. Da na kai aya na dube ta, sai ta ce, "Malama, shayin ya huce."

Alhamis ta gaba ba ta zo ba. Ta bugo waya ta ce gwiwa ce. Ta gaba kuma kaya ne suka iso daga Legas. Daga nan ta daina ba da dalili, sai gaisuwa. Hajja takan zo ta sha kofi ɗaya tana duban ƙofa, ta ce ta bar turare a wuta. Sannan ita ma hawan jini ya fara tashi mata ranar Alhamis kaɗai, abin da ban taɓa karantawa a littafin kiwon lafiya ba.

Na shimfiɗa tabarma na naɗe ta ba wanda ya zauna, ba sau ɗaya ba. Abin da na fahimta shi ne, matar nan an yi mata tsirara a gaban ƙawayenta, ɗaya ta yi dariya, ɗaya ta yi lacca, kuma yanzu ba ta iya haɗa ido da mu. Hajja kuma kunyar dariyar da ta yi ce ta kama ta. Na ji tsoro, irin wanda ba na so in bayyana. A shekarunmu ba a yin sababbin ƙawaye. Waɗanda suka san ka tun kana da haƙoranka duka ba a sayar da su a Kwari, in sun tafi sun tafi. Sai ga shi wasu yara masu hoda a gira sun yi abin da mutuwar mazajenmu da rikicin garin nan ba su yi ba.

Ana cikin haka aka yi suna a Sabon Gari, gidan dangin mahaifiyar Hajiyar Kwari, inda ba a taɓa yin taro ba a kira ni ba. Wannan karon ma an kira ni. Na ɗaura ɗankwali na tafi da jawabina a shirye.

An kafa rumfa ta tare layin gaba ɗaya. Mata cikin leshi iri ɗaya, tukwane a jere, amala da miyar ayoyo, makaɗa suna bin duk wadda ta shigo da jaka mai nauyi. Na hango ta a tsakiyar masu rabon abinci, hannu cikin aiki, tana Yarbanci kamar ruwan sama. Daga kowane gefe kuma abu ɗaya ake kira: Alhaja, nama ya ƙare. Alhaja, baƙin Fagge sun iso. Na sha zuwa gidan nan, tabbas na sha jin haka, amma kunnena bai taɓa tsayawa a kai ba sai ranar.

Kafin in kai gare ta aka kai ni gaida matar kawunta, wadda aka kawo daga kudu tana amarya tun kafin a haife mu. Tsohuwa ce ta gaske, a kan kujera a bakin ɗaki, hannayenta kamar saiwar bishiya. Ta kama nawa da duka biyun, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Malama, ka so lafiya?"

Na ce lafiya lau, Mama. Ban gyara mata ba, kuma ina so a rubuta min wannan.

Na samu Hajiyar Kwari a bayan tukwane na ja ta gefe. Na ce mata ba ta da abin ɓuya. Na ce ita Bakanuwa ce fiye da duk wanda ya yi dariya a layin nan, kuma muddin ina numfashi wannan shirin ba zai ƙara shiga gidana ba, ta dawo mu zauna kamar da. Tana saurarona tana goge hannu da gefen zane.

"Malama, wa ya ce miki ɓuya nake?"

Na ce to Alhajin nan fa?

"Wannan ai wawa ne tun kafin a yi waya."

Sai ta ce ita ma ta san shirin shirme ne. Yarinyar da ke yin Alhaja ko gwaggwaro ba ta iya ɗaurawa ba, kuma babu Bayarabiyar da za ta je biki ta sa nama a jaka ba leda. Amma muryar, in ji ta, ko daga ina yarinyar ta ɗauko ta oho. Haka kakarta take magana sak, har inda take jan numfashi. Ta ce suna yara su suka yi ta gyara wa tsohuwar Hausa, ita da 'yan'uwanta, har ta daina buɗe baki in akwai baƙi a gidan.

"Tun da ta rasu ba wanda ya ƙara ce min ka ci abinci," in ji ta. "Matar kawuna da ke zaune can bakin ɗaki, ita ma ba ta da saura da yawa."

Na ce amma ai ba don ƙauna suka yi ba, don a yi dariya suka yi. Ta ce ta sani, ita ma ba dominsu take kallo ba. Na ce kuma sun ɗauke miki suna. Ta ce suna biyu gare ta tun tana yarinya, ɗaya a Fagge ɗaya a nan, ni ce dai na san ɗaya. Aka kira ta daga wajen tukwane, ta amsa da Yarbanci.

Ra'ayina a kan shirin bai motsa ba. Ƙazanta ne, rubutun malalata ne, kuma in wani ya sami kakarsa a cikin juji wannan bai mai da jujin lambu ba. Wanda ya sa yarinya ta lashi yatsa daga kunun da haƙora suka faɗa, sannan ya kira abin ƙawancen dattijai, bai cancanci a ba shi kyamara ba, ko ta ɗaukar hoton fasfo. Duk wannan na gaya mata, tana gyaɗa kai tana zuba min amala. Abin da nake so in ji kuwa ɗaya ne, sai na daina kewaye na tambaye ta ko za ta zo ranar Alhamis.

Ta waiga can ƙarshen rumfa, inda sai a lokacin na ga Hajja zaune da faranti a cinya, hawan jininta kuwa da alama ya sauka. Ita ce ta gaya min sauran, da ƙashi a hannu, bayan na zauna kusa da ita na ƙi tashi. Zaman Alhamis ɗin da na yi ta makokinsa ba a taɓa fashinsa ba. Gidan Hajja ya koma, don can akwai talabijin mai kama intanet.